Jari da kai: daga gonakin riɗi na Basunda zuwa kurkukun Kobar

Idan damina ta kawo kai a Basunda, kusa da iyakar Habasha a jihar Gadarif, hirar majalisa ɗaya ce: ina za a samo jari? Ga gona, ga ƙasa baƙa mai albarka, amma iri da man tarakta da kuɗin 'yan ƙwadago ba sa jiran kaka.

Larabawa na ce wa jari "ra'asul mal", wato kan dukiya. Turawa ma haka: kalmarsu ta "capital" ta samo asali ne daga "caput", wadda ke nufin kai a Latin. Shi ya sa kalmar guda take nufin jari, take nufin babban birni, kuma da ita ake siffanta hukuncin kisa, tunda kan mutum ne zai tafi. Mu Hausawa muka ce "uwar kuɗi", mai haihuwar riba. A Sudan dai waɗannan ma'anoni sun sha haɗuwa a rayuwar mutane.

Tun da aka fara noma da injuna a Gadambaliya a shekarun 1940, Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Sai dai ƙaramin manomi, irin da yawa daga cikin Hausawan da kakanninsu suka yada zango a nan kan hanyar Makka, har gobe yana dogaro da "shel". Ɗan kasuwa zai ba ka kuɗi ko kayan masarufi da damina, kai kuma ka biya shi da buhuna in kaka ta yi, a kan farashin da ya yanke tun kana cikin matsi. In ruwa ya yi gardama, bashin ya kwana, baɗi kuma a ɗora wani.

Wanda ya nufi banki kuwa, akwai cinikin salam, inda ake biyan sa kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna. Amma sau da yawa sai ya ajiye cek a matsayin jingina. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da ba da cek marar kuɗi laifi, kuma kowa a nan ya san jimlar nan ta kotu, "yabƙa li hinis sadad": a tsare shi sai ya biya. Ka ga ke nan manomi ya ci bashin kan dukiya, ya jinginar da nasa kan.

Akwai ma lokacin da kuɗi suka kai mutum ga igiya. A watan Disamba na 1989, watanni kaɗan bayan juyin mulkin Umar al-Bashir, aka rataye wani matashi, Majdi Mahjub, a kurkukun Kobar da ke Khartum Bahri, saboda an samu kuɗin ƙasashen waje a gidansu. A 1992 gwamnatin da ta kashe shi ta saki kasuwar canji, abin da ya ci ransa ya zama harkar yau da kullum. Dokar ta canja, ran bai dawo ba.

Ta ɗaya ɓangaren, dukiya kan fanshi kai. A shari'ar ƙisasi, dangin wanda aka kashe na da ikon yafewa ko karɓar diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne. Wanda danginsa za su iya harhaɗa kuɗin, da yardar masu jini, sai ya tsira. Marar gata fa? Sai dai a yi ta bin 'yan'uwa da masallatai da ƙoƙon bara.

Ko babban birnin ma bai tsira ba. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta koma Port Sudan, bankuna da masana'antun Khartum suka tsaya cik, 'yan gudun hijira suka cika Gadarif. Samun rance ya ƙara wuya, mai shel ya ƙara samun bakin magana.

Don haka, ɗan'uwa manomi, kafin ka sa hannu a cek ko ka karɓi shel a bana, ka zauna da wanda ya iya lissafi. Ka tambayi buhu nawa za ka biya, a kan wane farashi, kuma me zai faru in damina ta gaza. A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda addini ya umarta game da bashi.