Mararrabar Haske: Ƙaramar Na'ura Mai Ninka Saƙo

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, yau ina so in yi bayani a kan wata 'yar na'ura wadda ido ba ya iya ganinta, amma kuwa tana cikin abubuwan da ke riƙe da sadarwar duniya. Masana suna ƙera ta don ta raba haske gida biyu, saboda haka zan kira ta mararrabar haske.

Da farko dai ya kamata mu san cewa yawancin saƙonnin da muke aikawa ƙasashen waje ta intanet, ta ƙarƙashin teku suke bi, a cikin wani siririn zaren gilashi wanda bai wuce gashin kai kauri da yawa ba. A shekarar 1966 ne Charles Kao, wani masani haifaffen ƙasar Sin mai aiki a Ingila, shi da abokin aikinsa George Hockham, suka nuna cewa in an tace gilashi sosai, haske zai iya ɗaukar saƙo a cikinsa zuwa nesa. Wannan aiki ya sa aka ba Kao lambar yabo ta Nobel a 2009. Mu ma nan Nijeriya abin ya iso mu: a 2010 igiyar MainOne mai tsawon kimanin kilomita 7,000 ta fara aiki tsakanin Fotugal da Legas, a 2022 kuma igiyar Equiano ta sauka a Legas. Shimfiɗa irin wannan igiya yana cin kuɗi ƙwarai, don haka kullum burin injiniyoyi shi ne su ƙara yawan saƙon da zare ɗaya zai ɗauka.

To, ga dabara ɗaya da suka samu. Ku ɗaura igiya a jikin bishiya ku riƙe ɗaya bakin. Kuna iya kaɗa ta sama da ƙasa, kuna kuma iya kaɗa ta dama da hagu. Haske ma haka yake tafiya yana kaɗawa, akwai mai kaɗawa a tsaye, akwai mai kaɗawa a kwance. Tun a 1669 wani mutumin Denmak, Erasmus Bartholin, ya lura cewa wani dutse mai garai-garai yana raba haske biyu, sa'an nan a 1808 Malus na Faransa ya ƙara fito da wannan hali na haske fili. Da yake na tsaye da na kwance suna iya tafiya tare a zare ɗaya, sai aka ɗora wa kowanne saƙonsa dabam. Ke nan zare ɗaya ya ɗauki kayan zare biyu. Da wannan hanya aka yi na'urorin da suka shiga kasuwa wajen 2010, masu aika gigabit 100 cikin daƙiƙa ɗaya a kan launin haske guda.

Amma fa wanda ya haɗa, dole ya raba. A ƙarshen tafiya, hasken yakan shiga wani ɗan fallen silikon wanda bai fi farce girma ba. A kansa an zana hanyoyi ƙanana da haske ke bi, kamar magudanan ruwa a lambu. Irin magudanar da aka fi yi, faɗinta kimanin nanomita 500 ne, kaurinta kuma nanomita 220. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kun ga ke nan magudanar ta fi faɗi bisa ga kauri, watau shafaffiya ce. Haske mai kaɗawa a kwance yakan zauna cikinta daram, amma mai kaɗawa a tsaye wurin ya yi masa kaɗan, sai wani sashensa ya riƙa leƙowa waje. Saboda haka saurinsu ya bambanta, kuma abin da aka ƙera domin ɗaya ba zai yi wa ɗayan aiki daidai ba.

Wannan matsala ce, amma a nan hikimar take, domin da ita wannan matsalar aka yi maganin. Injiniya yakan zana magudana biyu kusa da juna, ya bar ɗan tsakani na nanomita ɗari biyu ko makamancin haka. In suka yi kusa haka, haske yakan tsallaka daga ta farko zuwa ta biyu, in an bar shi kuma ya komo, yana kai da kawowa kamar ƙoshiyar masaƙi. Na tsaye, da yake dama yana leƙe a waje, nan da nan yake tsallakawa. Na kwance kuwa sai an yi tafiya mai tsawo kafin ya motsa. Sai injiniya ya lissafa daidai inda na tsaye ya gama tsallakawa, a nan ya karkatar da magudanan su rabu. Na tsaye ya bi dama, na kwance ya bi hagu. Sau da yawa tsawon wannan mararraba duka bai kai kaurin gashin kai ba.

Bayan an raba su, akan sa wani majuyi ya kwantar da na tsaye, don duka biyun su bi kayan aiki iri ɗaya. Sai dai akwai sauran aiki. Lanƙwasar zaren da canjin zafi a hanya sukan jujjuya hasken, har saƙonnin biyu su cakuɗe. Mararraba takan ba da kashi biyu ne kawai, sa'an nan wata 'yar kwamfuta ta yi lissafi ta warware kowane saƙo dabam.

Abubuwa uku mai zana mararraba yake nema. Na farko, rabon ya fita sarai. In abin da ya ɓata hanya bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, an kama hanya. Na biyu, kada hasken ya salwanta, domin ya riga ya gaji da doguwar tafiya. Na uku, ta yi aiki ga launuka da yawa, saboda zare ɗaya yakan ɗauki launukan haske gommai a lokaci guda, dukansu irin wanda ido ba ya gani.

Babban abin tsoro shi ne kuskuren masana'anta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In faɗin magudana ya kauce da nanomita goma kacal, wurin tsallakawa ya goce, rabon ya lalace. Don gudun haka wasu sukan zana magudanar da ke canza faɗi sannu a hankali, hasken ya sauya hanya ba tare da garaje ba. Irin wannan ta fi jure kuskure, amma ta fi tsawo, ga shi kuwa fili a kan fallen silikon tsada gare shi. Gajera tana da tsautsayi, doguwa tana cin wuri. Taura biyu ba ta taunuwa. Aikin injiniya shi ne ya auna ya zaɓi wadda ta dace da bukata.

A ganina, darasin da ke cikin wannan ya shafe mu. Duk wannan aiki tushensa lissafi ne da ilmin haske, irin waɗanda muke fara koya a aji. Igiyoyin sun iso gaɓar tekunmu, amma na'urorin da ke bakinsu daga waje ake sayo su. Ina roƙon 'yan'uwana kada mu guji darussan kimiyya don ana cewa suna da wuya, iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu gwiwa, maza da mata. Da sannu a cikinmu za a sami wanda zai zana tasa mararrabar.