Kuɗin Aljihunka, Bashin Kamfaninka

Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, ba sai ya aro sunan ƙanensa ko na matarsa ba, nake ganin takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a rataye a shagunan da a da ba su san ta ba, daga Anka har Gummi. Wani kwangilar ƙaramar hukuma yake hari, wani rancen banki, wani kuma lasisin haƙar zinari, tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba 2024, wanda aka ƙaƙaba tun Afrilu 2019. Sana'ata haɗa wa irin waɗannan ƙananan kamfanoni lissafi, kuma tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: kuɗin da na kashe daga aljihuna, kafin rajista da bayanta, sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba. Sai dai tambayar biyu ce a dunƙule. Ta farko: kamfani zai iya mayar maka da kuɗinka? Ta biyu: hukumar haraji za ta yarda a cire su daga riba kafin a yanka haraji? Yawancin rikicin da nake gani daga cakuɗa su yake tasowa.

Ta farkon ta fi sauƙi, amma ita ce ta fi wuyar shiga kan mutanenmu. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa: yana mallaka, yana cin bashi, ana kai shi ƙara. Asalin wannan wata shari'a ce da aka yanke a Ingila a 1896, ta wani mai yin takalma a Landan, Aron Salomon, wanda ya mayar da sana'arsa kamfani, ya kuma rubuta cewa yana bin kamfanin bashi. Da kamfanin ya karye, sauran masu bin bashi suka ce yaudara ce, ai shi ne kamfanin. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce a'a, shi daban, kamfaninsa daban. A kan wannan tushe dokar Najeriya take har gobe.

Na taɓa yi wa wani dattijo mai injin gyaran shinkafa a Gummi wannan bayani. Ya dube ni ya ce, "Malam, kamfani nau na, kuɗɗi nau na. Ni ka bin kaina bashi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa za mu rubuta." Ya sa yaro ya ɗauko wata baƙar leda daga bayan janareto. A ciki akwai rasit ɗin injin da ya sayo a Kano da sunansa, da takardun POS da rubutunsu ya kusa gogewa saboda zafi, da littafin 'yan makaranta inda ya riƙa rubuta buhunan shanshera da kuɗin lodi, wani shafin da boko, wani da ajami. Wannan ledar, duk da ƙurarta, ta fi abin da wasu masu ofis da kwamfuta suke kawo mini.

Abin da ake yi shi ne a jera komai bisa kwanan wata: me aka saya, a wurin wa, nawa, da wace shaida. Sai a buɗe shafi a littafin kamfani da sunan darakta, a rubuta jimillar a matsayin bashin da yake bin kamfani. Ga abin da aka saya ko aka ƙulla kafin rajista, sashe na 96 na dokar ta 2020 ya ce kamfani na iya amincewa da shi bayan an kafa shi, ya zama kamar shi ya ƙulla tun farko; kafin ya amince kuwa, nauyin yana wuyan wanda ya yi cinikin. Amincewar ba wani biki ba ce, takarda ce guda mai kwanan wata da sa hannun darakta. Daga nan zaɓi biyu ne: ko kamfani ya riƙa biyanka idan kuɗi sun shigo, ko a mayar da bashin hannun jari. Kuɗin da aka mayar maka ba albashi ba ne, ba riba ba ce, naka ne suka dawo. Amma a biya ta asusun kamfani zuwa naka, a rubuta dalili.

Tambaya ta biyu ita ce mai ƙa'idoji. Ma'aunin hukumar haraji shi ne a ce an kashe kuɗin kacokan don neman ribar kamfanin. Gas ɗin janareto, hayar sito, ladan lebura, gyaran inji, kuɗin mota daga Nasarawar Burkullu zuwa Gusau da kaya, duk suna shiga. Kuɗin makarantar yara, ragon suna, kujerar Makka, ba sa shiga, ko da daga aljihun shagon aka zaro su. Mashin ɗin da ake kai kaya da shi da safe, a kai uwargida unguwa da yamma, sai a raba, a ɗauki kason aiki kawai.

Manyan kaya kuma hukuncinsu daban. Inji, mota, gini, sola, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda. Kaɗan-kaɗan ake cirewa cikin shekaru. Idan an sayi injin don sana'ar da ake shirin farawa, ana lissafa shi kamar ranar da aka buɗe aiki aka saye shi. Kuɗin rajistar kamfanin kansa da ladan lauya kuwa, kamfani zai iya mayar maka, amma a lissafin haraji kuɗin kafa harsashi ne, ba a cire su daga ribar shekara.

Sai kuɗin da aka kashe bara ko bara waccan aka manta ba a shigar ba. Kowane kashewa yana da shekararsa. Ba a ɗauko gas ɗin 2023 a cusa shi cikin lissafin bana don riba ta ragu. Hanyar ita ce a koma a gyara bayanan waccan shekarar, a miƙa tare da shaida. Shekara shida ce ake ajiye takardun lissafi, kuma hukuma na iya waiwayar shekara shida ta bincika, don haka kada a yi gaggawar kunna wuta da tsofaffin rasit.

A yankinmu shaida ce babbar matsala. Manomin fadama da ya sayar maka da albasa ba shi da rasit, haka ɗan dako, haka dillali. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara, ciniki ya koma hannu da hannu, ba alat ba komai. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, sai abin ya juye: tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suka riƙa tura kuɗin kamfani ta asusun ɗa ko na mai POS. Ambaliyar Gummi ta 2024 ta ci takardun wasu. Duk da haka ana iya farfaɗo da da yawa. Banki zai buga maka bayanin asusunka na shekarun baya. Dilan da ka saba da shi zai iya sake rubuta maka takarda daga littafinsa, da ainihin ranar cinikin. Inda ba rasit, a rubuta bauca, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaida ɗaya. Abin da ba a yi shi ne sayen littafin rasit a cike shi a zaune da biro ɗaya. Mai bincike ya ga irinsa ya gaji, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Akwai kuma kuɗin da kowa ya san ana biya, amma ba su da gurbi a littafi: na goro a shingen hanya, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi noma ko girbi. Asara ce ta gaske, mai ciwo, amma ba jami'in da zai karɓe ta, kuma sauya mata suna zuwa "kuɗin mota" ƙarya ce da za ta iya ɓata sauran lissafin na gaskiya.

Wani zai ce, to mene ne na wahala, tunda ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba? Haka ne, tun 2020 kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba an yafe masa, kuma sababbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairu 2026 suka mayar da hukumar haraji ta FIRS ta zama NRS, sun ƙara ɗaga iyakar. Amma yafe biya ba yafe miƙa bayanai ba ne. Ana miƙawa cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafi, kuma tarar jinkiri yanzu naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Ba kuma za ka samu takardar shaidar haraji da ake nema wajen kwangila ba sai ka miƙa.

Dalilin da ya fi damuna ma ba na hukuma ba ne, na gida ne. A ce wa da ƙane sun kafa kamfani rabi da rabi, wan ya zuba naira miliyan 4 daga aljihunsa ba a rubuta ba. Ranar rabuwa, miliyan 2 daga ciki sun zama kyauta ga ƙanen, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Idan rasuwa ce, marayunsa ne za su tsaya gaban alƙali suna neman abin da ba takarda. Da an rubuta, bashi ne da za a fitar musu cikakke kafin a taɓa rabon hannun jari. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma bashin da ke tsakaninka da kamfaninka bai fita daga ciki ba.

Don haka a tattara na baya sau ɗaya, a rubuta, a sa hannu. Daga nan a buɗe wa kamfani asusunsa, kuɗin ciniki su shiga can, cefanen gida ya fita daga naka. Duk ranar da larura ta sa ka biya wa kamfani wani abu daga aljihu, ka ɗauki hoton rasit ɗin da waya, ka shigar da shi littafi kafin ka kwanta.