Allon Zamiya Kan Dusar Ƙanƙara: Yadda Za Ka Zaɓi Mai Araha Da Zai Yi Maka Aiki

A ce karatu ko aiki ya kai ka Kanada ko tsaunukan Alps, kana son allo ɗaya da za ka riƙa gangarowa da shi daga dutse, kuma ka shiga filin tsalle-tsalle da zamiya kan ƙarafuna. Wannan salon na filin tsalle ya shiga gasar Olamfik a 2014 a Sochi. To, kafin ka kalli farashi, duba abubuwa huɗu.

Na farko, lanƙwasar allon. Ajiye shi a ƙasa ka duba ta gefe. Idan tsakiyarsa ta yi doro sama, shi ake kira kamba. Da ka taka shi, nauyinka zai danne doron, gefen ƙarfen ya kama ƙanƙara sosai, kuma ya cilla ka sama kamar baka idan an saki tsirkiya. Matsalarsa ita ce ba ya yafe kuskure: ƙaramar karkata, gefen ya cije, sai ka ji ka a ƙasa. Wanda bakinsa biyu suka ɗaga kamar kwale-kwale, wato roka, ya fi sauƙin juyawa amma riƙonsa ya ragu. Mai haɗa biyun, doro tsakanin ƙafafu da ɗagawa a bakuna, shi ya fi dacewa da mai son allo ɗaya.

Na biyu, tauri. Cikin allon katako ne da aka lulluɓe da zaren gilashi. Kamfanoni kan auna taurinsa daga 1 zuwa 10. Mai laushi yana da daɗin wasa kan ƙarfe, amma yana karkarwa idan gudu ya yi yawa. Nemi tsakanin 4 da 6. Sai dai ma'aunin ba ɗaya ba ne a duk kamfanoni, don haka lanƙwasa shi da hannunka ka ji.

Na uku, ƙasan allon, kuma a nan ne za ka rage kashe kuɗi. Roba ce iri biyu. Akwai wadda ake matse garinta da zafi: ta fi gudu da tsada, kuma tana buƙatar a riƙa shafa mata kaki a kai a kai. Akwai wadda ake narkarwa a miƙar: ba ta kai waccan gudu ba, amma ta fi araha, kuma ta fi sauƙin facewa idan ƙarfe ya karce ta. Tunda dai karce za ta sha a filin tsalle, me zai sa ka biya kuɗin gudun da ba za ka mora ba?

Na huɗu, girma. Nauyinka ne ke lanƙwasa allon, ba tsayinka ba, saboda haka bi jadawalin nauyi na kamfanin. Idan takalminka ya kai lamba 45, nemi mai faɗi, kada yatsunka su riƙa jan ƙanƙara wajen kwana. Kuma zaɓi mai gaba da baya iri ɗaya, don ka iya sauka ta kowane ɓangare.

Wata dabara: samfurin bara kan sauko idan kakar sanyi ta ƙare. Idan na hannu za ka saya, tabbatar gefen ƙarfen bai tsage ba, kuma shimfiɗun ba su fara ɓamɓarewa ba.

Rarar kuɗin kuwa, sa ta a hular kwano da kariyar wuyan hannu. Karayar wuyan hannu na cikin raunukan da masu koyo suka fi samu, domin mutum da tafi yake tare ƙasa idan ya faɗi.