Kwaskwarima Ko Garambawul: Sayen Tsohon Ƙahon Turawa Da Yadda Yake In An Gwada Shi Da Na Gwanaye

Bahaushe ya daɗe da sanin kakaki. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya fara amfani da shi a Kano, kuma har yau ba a busa shi sai ga sarakuna. Begila kuwa soja suka zo da ita. Amma akwai wani abin busa na uku, ɗan'uwan waɗannan biyu, wanda ake gani a hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda da makaɗan majami'u, mai bawul uku da ake dannawa da yatsu. Waɗansu suna haɗa shi da begila su kira su da suna ɗaya, alhali kuwa begila ba ta da bawul ko ɗaya. A cikin wannan maƙala za a kira shi ƙahon Turawa, ko ƙaho kawai. Abin da za a duba shi ne halin mabushin da kuɗinsa bai kai na sabon ƙaho irin na gwanaye ba, sa'an nan aka nuna masa tsoho wanda aka ce an gyara.

Kafin a kai ga ciniki ya kamata a san yadda abin yake aiki, domin duk aibin tsohon ƙaho a nan yake ɓuya. Ƙahon bututu ne na tagulla, tsawonsa kusan mita 1.5 in an miƙe shi, amma an lanƙwashe shi don ya riƙu a hannu. Mabushi yana kaɗa leɓɓansa a cikin ɗan ƙoƙon busa, iskar da ke cikin bututun ta ɗauki rawar, amo ya fita ta mazurarin gaba. Bututu mai tsawo ɗaya ba ya ba da sautuka sai 'yan kaɗan, shi ya sa kakaki da begila suke da iyaka. Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, su ne suka yi rajistar bawul a 1818, sa'an nan François Périnet na Faris ya fito da irin fistin da ake amfani da shi yanzu a wajen 1839. In an danna bawul, sai iska ta ratsa ta wani ƙarin bututu, tsawon ƙahon ya ƙaru, sauti ya sauka. Bawul na biyu yana saukar da rabin mataki, na ɗaya mataki guda, na uku mataki ɗaya da rabi. Ke nan rayuwar ƙahon duka tana rataye ga fistin uku waɗanda dole su riƙa hawa da sauka cikin gidajensu ba tare da iska ta tsere ta gefe ba.

Yawancin tsofaffin ƙahonin da ake nema ƙirar Amurka ne, na tsakanin 1930 zuwa 1970. Garin Elkhart na Jihar Indiyana ya tara kamfanonin Conn da Martin da Buescher, kamfanin Olds kuwa yana Kalifoniya, da fari a Los Angeles, daga baya a Fullerton, har ya rufe a 1979. A zamanin nan makarantun Amurka suna cike da ƙungiyoyin busa, saboda haka aka ƙera ƙahonin ɗalibai masu ɗimbin yawa, irin su Olds Ambassador da Conn Director. Su ne yanzu suke fitowa daga ƙarƙashin gadaje da ɗakunan ajiya, ana sayar da su 'yan ɗaruruwan daloli, alhali sabon Bach Stradivarius ya haura dala 3,000.

Sai dai tsufa ba kullum yake nufin araha ba. Vincent Bach, haifaffen Ostiriya wanda ya sauka Niyok a 1914, ya soma ƙera ƙoƙon busa a 1918, ƙaho kuma a 1924. Ƙahonin da masana'antarsa ta yi a Mount Vernon daga 1953, kafin a kwashe aikin zuwa Elkhart a wajen 1965, mai kyau daga cikinsu yakan fi sabo tsada. Haka Martin Committee, wanda Miles Davis da Dizzy Gillespie da Chet Baker suka busa. Waɗannan da ma can na gwanaye ne, masu neman su kuwa da masu tara kayan tarihi suke takara. Mai ɗan jari ba wannan kasuwar ya shiga ba. Abin da za a miƙo masa ƙahon ɗalibai ne, ko wani matsakaici wanda sunansa bai yi tashe ba.

A nan ne kalmar gyara take bukatar a tsaya a kanta. Hausa tana da kalmomi biyu da suka raba gardama. Kwaskwarima gyaran fuska ne. Garambawul kuwa, wadda masana suka ce ta fito daga Turancin makanikai mai nufin goge bawul, ita ce a kwance inji a gyara cikinsa. Abin sha'awa shi ne kalmar ta dace da ƙaho fiye da yadda ta dace da majalisar ministocin da 'yan jarida suke yawan liƙa mata. Mai sayarwa yana iya kankare tsohon fenti, ya fitar da loɓa, ya goge tagullar har ta riƙa ɗaukar ido, ya sake shafa mata man sheƙi, ya ce ƙaho ya gyaru. Bai taɓa fistin ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Har ma gugar tana da tata ɓarnar, domin duk sa'ad da aka kai ƙaho ga injin goge ƙarfe, wani abu na kaurin jikinsa yana tafiya. Alamar wannan tana ga zanen sunan kamfani da ke jikin mazurari da lambar da aka buga a gidan bawul. In rubutun ya dushe, gefunansa sun yi sulɓi, to an ci ƙarfen da yawa, kuma ba a mayar da shi.

Garambawul na gaskiya shi ne a daidaita cikin gidajen bawul, a sake yi wa fistin rufi da ƙarfen nikel har su yi kauri, a goga su a hankali sai sun zauna daram. Aiki ne na ƙwararru ƙalilan, ladansa kuma yakan kai ko ya wuce kuɗin ƙahon ɗalibai ɗungurungum, wanda ya sa ba a cika yi wa masu araha shi ba. Gwajin da mai saye zai yi ba shi da wuya. Ya zaro bututun bawul na uku ba tare da ya danna bawul ɗin ba, sa'an nan ya danna. In ya ji ƙara kamar an cire murfin kwalba, fistin yana riƙe iska. In shiru ya ji, ko ɗan huci, bawul ya sake. Ya kuma kwance murfin sama ya girgiza fistin hagu da dama ya ji ko yana lilo. Amma fa a yi gwajin bayan an share man bawul, don mai kauri yana toshe yoyo na ɗan lokaci, dillalai kuma sun san haka. Ƙaho mai yoyo yana busuwa, sai dai sautinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, mabushi ya yi ta matsa leɓe yana zargin kansa, alhali laifin na ƙarfe ne.

Ciwo na biyu yana cikin maƙogwaron ƙahon, watau bututun farko da ke karɓar ƙoƙon busa. Tagullar da aka saba ƙera ƙaho da ita kashi 70 jan ƙarfe ne, kashi 30 tutiya. Yawu da danshin numfashi suna narkar da tutiyar daga ciki, su bar jan ƙarfe mai raraka. Daga waje ana ganin ɗige-ɗige ja-ja ko masu ruwan hoda, ƙarshensu kuwa huda. Wanda zai sayi ƙaho ya cire bututun daidaita sauti ya leƙa maƙogwaron a hasken rana. Ana iya sauya maƙogwaro, amma da yake shi ne yake tsara yadda ƙaho yake karɓar iska, wanda aka sauya wa shi ya riga ya zama wani ƙahon dabam. Mabushin da ke cin goro ko shan lemo kafin busa, ba tare da kurkure baki ba, yana gaggauta wannan ciwo ko da a sabon ƙaho ne.

Akwai kuma tarko wanda ya fi shafar ƙasashen da Ingila ta mulka. A 1939 aka yi taro a Landan aka amince da ma'aunin sauti na 440, amma ƙungiyoyin busa na Ingila suka ci gaba da tsohon ma'auninsu mai ɗan tsayi har cikin shekarun 1960. Tsohon ƙaho ƙirar Ingila yana iya zama lafiya lau, amma in an sa shi cikin sababbi sai ya yi ta ɗara su, ba ya daidaituwa sai an ƙara masa tsawon bututu.

To, in an sami tsohon da ya tsallake duk waɗannan, yaya yake in an jera shi da na gwanaye? Wajen faɗin rami kusan babu bambanci, domin Bach da aka fi saye faɗinsa 0.459 na inci, na ɗalibai da yawa kuma a nan suke ko kusa. Siffarsu ma ɗaya ce, da yake yawancin maƙeran Amurka ƙahon Besson na Faransa suka kwaikwaya. Bambancin yana ga mazurari. Na gwanaye daga falle ɗaya na tagulla ake yanko shi, a naɗe, a liƙe, a buge shi da guduma da hannu, na ɗalibai kuwa galibi gida biyu ne aka haɗa da inji. Mabusa suna cewa na farkon ya fi amsa kira, watau in an busa a hankali ya yi magana nan da nan, in an matsa masa kuma amonsa ya buɗe bai fashe ba. Ƙahon ɗalibai an ƙera shi ne don ya jure faɗuwa daga hannun yaro, saboda haka an ƙara masa kauri da madogarai. Wannan ne ya sa Ambassador na 1955 yake nan da ransa, shi ne kuma ya sa yake da ɗan taurin kai in ana son sauti mai laushi.

Wani bambancin na yatsu ne. In an haɗa bawul na ɗaya da na uku, ko duka ukun, sautin da ke fita yakan ɗara inda ya kamata, sai mabushi ya tura bututun bawul na uku da yatsa yana cikin busa. Ƙahon gwanaye yana da zobe a nan, da wata maƙala a bututun bawul na ɗaya, kuma bututun suna zamewa kamar an shafa musu man shanu. Tsofaffin na ɗalibai da yawa ba su da maƙalar ta ɗaya, na ukun kuma yakan cije. Ga mai fareti a fili wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda zai zauna kusa da mabusa uku a ɗakin ɗaukar sauti, babban abu ne. Ko Martin Committee, duk da sunansa, an san shi da sakin sauti, abin da masu kiɗan jaz suke so don suna lanƙwasa amo yadda suka ga dama, masu bin rubutaccen kiɗa kuwa suna gudunsa.

Bai kamata a manta da Yamaha ba, wanda ya soma ƙera ƙaho a 1966 tare da shawarar Renold Schilke na Chicago. Shigowarsa ta sa ƙahon ɗalibai na zamani ya daidaita ƙwarai wajen sauti, har ya zama tsoho ba da na gwanaye kaɗai yake gasa ba. Abin da tsoho ya fi shi ne ƙaurin ƙarfe da cikar amo, kuma ya fi ƙaho marar suna da ake shigowa da shi da araha nesa ba kusa ba, domin irin wannan bawul ɗinsa yakan soma cijewa tun bai shekara ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ba a gauraya ta da ruwa ba.

Mai saye daga Kano ko Jos ko Zinder yana da ƙarin nauyi wanda na Amurka ba shi da shi. Sau da yawa hoto kawai zai gani, hoto kuwa ba ya nuna yoyon bawul, kuma mayar da kaya ƙetare ya fi kuɗin kayan. Masu gyaran ƙaho ba su da yawa a nan. Maƙerin farfaru yana iya liƙe madogarin da ya ɓalle da dalma, amma fistin ba aikinsa ba ne, kuma wanda ya goge fistin da takardar yashi don ya daina cijewa ya kashe ƙahon. Ƙurar hunturu ma tana shiga gidan bawul ta gauraya da mai ta zama kamar magogi, sai an riƙa share fistin da tsumma mai laushi ana sake ɗiga mai. Saboda haka kafin a biya, a nemi lambar ƙahon a duba shekarar da aka yi shi a jerin lambobin kamfanin, a nemi hoton fistin uku a zare, da na cikin maƙogwaro, sa'an nan a tambayi mai sayarwa a rubuce abin da aka yi wa bawul, da wanda ya yi.