YADDA ZA A KARANTA TAKARDUN AIKI A RIƘE SU

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta fara fita a 1939. A wancan zamani takarda wuya gare ta a garuruwa irin su Dauran, wanda ya sami guda sai ya yi ta karantawa har ya haddace. Yau kuwa ga takardun Masarautar Zurmi, ga na Ƙaramar Hukuma, ga rediyo, ga saƙonnin waya dare da rana. Hakimi ko malaminsa ya yini yana dubawa, amma in an tambaye shi ranar rigakafi, ko abin da aka umarta game da burtali, sai ya shiga kame-kame. Talakawa ke cutuwa da wannan.

Wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa sabon karatu ya fi saurin zubewa a yinin farko, maimaitawa kuwa tana rage zubewar. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai an biya, kuma ba a barin tilawa. To, ga abin da ya kamata a yi:

1. A tace. Kowace safiya malami ya ware takardun da ke neman aiki daga na labari kawai. Saƙon da ba a san mafarinsa ba, a ajiye shi sai an bincika.

2. A ɗauki guda. Taura biyu ba ta taunuwa. A gama takarda ɗaya kafin a buɗe wata.

3. A biya. A kife takardar, a faɗi abin da ke ciki da ka, sa'an nan a duba inda aka yi tuntuɓe.

4. A rubuta. A keɓe littafi guda, kowace takarda layi uku: wa ya aiko, me ake so, yaushe.

5. A yi tilawa. A duba littafin washegari, da bayan mako, da ƙarshen wata.

6. A koyar. Abin da aka bayyana wa dagatai da masu unguwa da baki ba ya saurin fita daga ka.

Haka kuma wanda ke koyon lissafi ko Turanci shi kaɗai: shafi ɗaya kullum ya fi littafi guda a dare ɗaya. Allah ya sa mu dace.