Haɗa Dizal da Iskar Gas a Inji Ɗaya: A Yi Lissafi Kafin a Kai Mota Gareji

Duk wanda ke zaune a Karshi ya san cewa nisan garin da tsakiyar Abuja ba a kilomita ake auna shi ba, a mai ake aunawa. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar da kwangilarta tun 2011, ta daɗe ana jiran ta, don haka direba sai ya bi ta Orozo, Kurudu, Jikwoyi, Karu da Nyanya, yana tafiya yana tsayawa a cunkoso, inji kuwa yana ta shan mai. Masu tifofin yashi da dutse, da masu tankokin ruwa, da masu manyan bas-bas su suka fi jin jiki, domin dizal suke sha, shi kuwa dizal gwamnati ta sakar wa kasuwa farashinsa tun 2003. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 400 ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, kafin shekarar ta ƙare ta wuce 700, a 2023 kuma ta haura 1,000.

Shi ya sa a tasha da gareji ake yawan jin tambayar nan: tunda an mayar da janareta yana aiki da gas ɗin girki, me zai hana a yi wa tifa haka?

Janaretan da aka riƙa juyawa bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, injin fetur ne, yana da fulogi. Fulogi ke ba da tartsatsin da ke kunna wuta, ko fetur aka ba shi ko gas. Injin dizal kuwa, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897, ba shi da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska sau 15 zuwa 20 har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa dizal a cikinta, ya kama da kansa. Dizal yana kamawa da zafin da bai wuce digiri 250 ba, amma gas ɗin girki sai an kai sama da digiri 400. Ko kuma a ce bai san lokacin da ya kamata ya kama ba: wani sa'in ya ƙi, wani sa'in ya fashe gaba ɗaya kafin lokaci. Saboda haka ba a iya cire dizal a zuba gas a madadinsa, sai in za a sake gina injin, a rage matsinsa, a sa masa fulogi, aikin da kuɗinsa kan kusa kai na sabon inji.

Abin da ake yi shi ne haɗin gwiwa, kuma ba a tanki ɗaya ake cakuɗa su ba. Ana ɗaura tukunyar gas ta musamman a jikin motar. Gas ɗin yana fitowa a matsayin ruwa, ya bi ta wata na'ura da ruwan lagireto ke ɗumamawa, ya koma iska, sannan a fesa shi cikin bututun da inji ke shaƙar iska. Idan fistin ya matse, nozul ya fesa dizal kamar kullum, sai dizal ɗin ya zama ashana, gas ya kama a bayansa. Tunda gas ya ƙara ƙarfi, direba ba ya buƙatar taka totur sosai, a nan ne dizal ke raguwa. Idan gas ya ƙare a hanya, mota ta ci gaba da tafiya da dizal zalla. Baƙin hayaƙin nan da tifa ke turnuƙe mutane da shi ma yana raguwa.

Sai dai gas ɗin girki ba ya maye gurbin dizal da yawa. Galibi kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne. Wanda ya ce maka zai raba maka kuɗin mai gida biyu da gas ɗin girki, ko bai san aikin ba, ko kuɗinka yake so. In aka matsa aka buɗe gas fiye da kima, inji zai fara ƙara kamar ana buga masa guduma a ciki, musamman idan tifa ta ɗauko kaya tana hawan tudu, ga kuma zafin watan Maris. Daga nan sai gaskit ya ƙone, ko fistin ya narke, inji ya buga. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kayan haɗi na kirki suna da ƙaramar kwamfuta da ke lura da zafin salansa da nauyin da inji ke ja, ta rage gas ko ta yanke shi da kanta. Wanda ba shi da wannan, bawul ne kawai da tiyo, kada ma a tsaya ciniki.

Yanzu ga inda maganar take, wato lissafi. Kilo ɗaya na gas yana ba da ƙarfin da ya kai na dizal lita ɗaya da kwata, ko sama da haka kaɗan. A ɗauki misalin direban da ke ƙona lita 40 a rana, a kuma ƙaddara cewa litar dizal naira 1,200 ce, kilon gas ma 1,200. Kuɗin mansa 48,000. Idan gas ya maye kashi ɗaya cikin huɗu, ya rage lita 10, wato 12,000, amma zai sayi gas kilo 8, wato 9,600. Ribarsa a rana 2,400. Kuɗi ne, ba a raina su, to amma kwana nawa za a yi kafin su mayar da kuɗin tukunya da kayan haɗi da ladan bakanike? Idan kuwa kilon gas ya tashi zuwa 1,500, ribar ta tafi ƙurmus. Matan gida sun fi kowa sanin yadda farashin gas ke hawa ba sallama, duk da cewa kamfanin gas na NLNG da ke Bonny yana sayar da nasa a cikin ƙasa.

A ƙasashe irin su Turkiyya, Polan, Italiya da Koriya ta Kudu, miliyoyin motoci na tafiya da wannan gas, amma akasarinsu masu injin fetur ne, kuma harajin da gwamnatocinsu suka sassauta wa gas ne ya sa ya yi araha. A nan gida, gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin gas na motoci a Disambar 2020, sannan gwamnatin Tinubu ta kafa nata a 2023, wanda ya karkata ga CNG. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya ne, alhali sun bambanta. CNG iskar ƙarƙashin ƙasa ce da ake dannawa a tukunya da matsin da ya kai 200 a ma'aunin bar, gas ɗin girki kuwa matsinsa bai cika wuce 10 ba. CNG ya fi jure matsi a cikin inji, don haka yana iya maye rabin dizal ko fiye, kuma ya fi araha. Matsalarsa nauyin tukwane da dogon layi, da kuma nisan gidajen sayarwa ga mutumin da motarsa ke kwana a Karshi. A ganina, mai babbar mota da ke dogon zango ya fi kyau ya fara duba CNG kafin gas ɗin girki.

Maganar tukunya ba ta wasa ba ce. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da CNG a birnin Benin, mutane suka jikkata, aka gano tukunyar da ke jikinta ƙirar masu walda ce. Tukunyar girki mai kilo 12.5 ma ba a yi ta don mota ba. An ƙera ta ne ta zauna a tsaye a wuri ɗaya, ba ta sha girgizar ramuka ba. Tukunyar mota tana da bawul da ke tsayar da ɗuri idan ta kai kashi 80 cikin ɗari, don gas ya sami wurin kumbura in rana ta yi zafi, da wani da ke rufewa da kansa in tiyo ya tsinke. Kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a but, ko ƙarƙashin kujeru, ko cikin ramin gareji, yana jiran mai sigari ko tartsatsin batir.

Direba, kafin ka ba da motarka, ka yi mako biyu kana rubuta litar da kake sha da tafiyar da kake yi. Ka tambayi farashin kilo a inda za ka riƙa ɗura, ka tabbata akwai famfon ɗura wa mota, ba sikelin shagon gas ɗin girki ba. Ka nemi ganin shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON a kan tukunyar, ka sa mai aikin ya nuna maka motar da ya haɗa da ta shekara tana aiki, ka yi magana da direbanta ba a gabansa ba. In nozul ɗinka sun gaji ko inji yana shan baƙin mai, fara gyara su tukuna, domin wannan kaɗai na iya rage maka dizal fiye da abin da gas zai rage. In kuma lissafi bai fita ba, ka bar motarka yadda kamfani ya ƙera ta.