Daga hamadar Agadas zuwa gwanjon New York: Yadda masu tara kayan sararin samaniya ke rububin duwatsun Nijar

Ranar Laraba, 16 ga watan Yulin 2025, an shafe kusan minti 15 ana tayi a zauren kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York, a kan wani dutse ja-ja mai nauyin kilo 24.67. Da aka sallama, tayin ƙarshe ya tsaya a dalar Amurka miliyan 4.3. Da aka haɗa da la'ada da sauran kuɗaɗe, farashin ya kai kusan miliyan 5.3, wato kimanin miliyar 3 na kuɗin sefa, ko sama da naira biliyan 8 a canjin wancan lokaci.

Ba a bayyana sunan mai sayarwa ba, haka ma mai saye. Abin da aka bayyana shi ne inda dutsen ya fito: jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar. A cewar takardun gwanjon, wani mai farautar duwatsun da ke faɗowa daga sama ne ya tsince shi ranar 16 ga Nuwamban 2023, a hamadar da ke da tazarar kusan kilomita 90 yamma da dausayin Chirfa. Masana sun tabbatar ɓallin duniyar Mars ne, kuma shi ne mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa.

Su wa ke sayen irin waɗannan kaya?

An sayar da dutsen ne a wani mako na musamman da kamfanin ke shiryawa duk shekara, mai suna Geek Week, domin mutanen da sha'awar kimiyya da sararin samaniya ta zame musu jiki. A makon ana baje kayan 'yan sama-jannati, da tsofaffin kwamfutoci, da duwatsun sama, da ƙasusuwan kakannin ƙadangaru. A ranar da aka sayar da dutsen Agadas, an kuma sayar da ƙwarangwal ɗin wani ƙaramin kakan ƙadangaru mai suna Ceratosaurus a kan dala miliyan 30.5.

Masu sayen ba yara ba ne. Magidanta ne, da yawansu sun tashi da kallon finafinan almarar kimiyya irin su Star Wars na 1977 da Jurassic Park na 1993, suka girma, suka yi kuɗi, sha'awar kuma ba ta sake su ba. Mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu yana tara 'yan mutum-mutumin roba na taurarin fim, yana jera su a kabad ba tare da ya ɓare ledarsu ba, domin ɓarewa na rage musu daraja. Mai babban ƙarfi kuwa yana neman ainihin kayan da aka yi fim da su.

A watan Agustan 2024, an sayar da wani mutum-mutumin roba na Boba Fett, ɗaya daga cikin taurarin Star Wars, a kan sama da dala miliyan 1.3. Tsawonsa bai kai santimita 10 ba. Abin da ya sa ya yi tsada shi ne samfur ne na 1979 da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba, saboda fargabar kada yara su haɗiye ɗan makamin da yake harbawa. A watan Satumban 2025 kuma, takobin haske da Darth Vader ya riƙe a finafinan ya tashi a kan sama da dala miliyan 3.6. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Ga irin waɗannan mutane, dutsen Mars ya fi kayan fim. Takobin Darth Vader ƙirar ɗan Adam ne, aka yi shi domin labarin da bai taɓa faruwa ba. Dutsen Agadas kuwa da gaske daga wata duniya ya zo, ga shi ana iya ɗora masa hannu.

Yadda aka gane daga Mars yake

Masana sun ce wani babban dutse ne ya faɗa wa duniyar Mars da ƙarfi, har ɓaraguzai suka yi tsalle suka fice daga cikinta, suka yi ta yawo a sarari kafin ɗaya ya faɗo Sahara. Ana gane irin waɗannan duwatsu ne ta hanyar gwada sinadaransu da bayanan da kumbunan Viking na Amurka suka aiko bayan saukarsu a Mars a 1976. An aika ɗan ɓallin dutsen Agadas zuwa wani ɗakin bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin, daga nan aka yi masa rajista da sunan NWA 16788. Haruffan uku na farko suna nuni ne da arewa maso yammacin Afirka.

A cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da aka yi wa rajista a duniya, kimanin 400 ne kawai suka fito daga Mars. Na Agadas ya ɗara wanda ke bi masa da kusan kashi 70 cikin 100. Shi ma wancan na biyun a maƙwabta aka same shi, a yankin Taoudenni na ƙasar Mali, a 2021.

Ba wai duwatsun sun fi faɗowa a Sahara ba ne. Suna faɗowa ko'ina, mafi yawa ma a teku. Bambancin shi ne a hamada babu ruwan sama mai yawa da zai lalata su, babu ciyawar da za ta rufe su, kuma baƙin dutse a kan farin fili daga nesa ake hango shi. Wannan ne ya sa tun ƙarshen shekarun 1990 aka samu kasuwarsu, wadda cibiyarta take garuruwan kudancin Maroko irin su Erfoud, inda dillalai ke saye daga hannun makiyaya da matafiya suna turawa Turai da Amurka.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. An kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, daga baya aka gano na Mars ne. Ya daɗe yana riƙe da kambun mafi girma a irinsa. Yau gutsattsarinsa suna warwatse a gidajen tarihi da hannun masu tarawa a ƙasashe da dama, har an liƙa wani ɗan ƙwaya a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Sunan ƙauyen ya zagaya duniya, amma matasan Katsina ƙalilan ne suka san labarin.

Yamai ta ce a bincika

Abin da aka sani game da tafiyar dutsen Agadas ya fito ne daga wani rubutun masana a Italiya. Rubutun ya ce mutanen yankin ne suka sayar wa wani dillali na ƙasa da ƙasa, daga nan ya koma wani gidan baje koli mai zaman kansa a garin Arezzo. An nuna shi a hukumar sararin samaniya ta Italiya da ke Rum a 2024, aka yanki sala biyu aka bar wa jami'ar Florence domin bincike, sannan ya haye New York.

Kwanaki kaɗan bayan gwanjon, gwamnatin Nijar ta ce tana shakkar yadda aka fitar da dutsen, ta ce lamarin ya yi kama da fasa-ƙwauri, ta kuma umarci ma'aikatun da abin ya shafa, ciki har da ta ma'adinai da ta shari'a, su gudanar da bincike. A watan Agusta, shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar baki ɗaya.

Kamfanin Sotheby's ya musanta aikata ba daidai ba. Ya ce an fitar da dutsen daga Nijar, aka kuma yi jigilarsa bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, tare da takardu a kowane mataki.

Gardamar ta ta'allaƙa ne a kan doka. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, wadda ta ambaci samfuran ma'adinai, amma ba ta kama sunan duwatsun sama kai tsaye ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ita ma ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace abin da take ɗauka a matsayin gadonta. Ta wannan kafa dillalai suka daɗe suna bi.

Ƙasar kakannin ƙadangaru

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan cinikin shi ne Farfesa Paul Sereno na jami'ar Chicago, wanda ya shafe sama da shekara 30 yana tono a jihar Agadas. Ya bayyana cewa dutsen gadon Nijar ne, kuma Nijar ya kamata ya koma.

Jihar ta yi suna a wannan fanni tun shekarun 1960, lokacin da Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a Gadoufaoua, filin da Abzinawa ke kira wurin da raƙuma ke tsoron zuwa. A can aka samo Ouranosaurus, wanda ƙwarangwal ɗinsa ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A can kuma aka samo Suchomimus mai bakin kada, da Nigersaurus mai haƙora kusan 500, da wani kada mai suna Sarcosuchus da aka ƙiyasta tsawonsa ya haura mita 11. A wajejen Ingal aka tono Jobaria mai dogon wuya.

Waɗannan dabbobi su ma sun shiga kasuwar masu tarawa. Kamfanonin kayan wasa na Amurka suna ƙera mutum-mutumin Suchomimus da Nigersaurus, Ouranosaurus kuma ya fito a wani shirin zane na Jurassic World a Netflix. Ɗan Nijar da ke zaune a Faransa ko Amurka zai iya shiga kanti ya sayo wa ɗansa dabbar da aka tono a jiharsu, alhali babban gidan tarihin da ƙungiyar NigerHeritage ta Sereno ke son ginawa a Agadas, tare da wani a Yamai, yana matakin shiri. Tan-tan na ƙasusuwan da aka kai Chicago domin nazari suna jiran wurin da za a mayar da su.

Dawo da irin waɗannan kaya ba mafarki ba ne. A 2007 tauraron fim Nicolas Cage ya sayi ƙoƙon kan wani kakan ƙadangaru a kan dala 276,000. Da aka tabbatar fasa-ƙwaurinsa aka yi daga Mongoliya, ya amince ya miƙa shi a 2015. Abin da ya taimaki Mongoliya shi ne dokarta ta daɗe da fayyace cewa duk abin da aka tono na irin wannan mallakar ƙasa ne.

Me ya rage wa Agadas?

Agadas gari ne da ya san cinikin baƙi. Kafin tawayen 2007 da matsalar tsaro su kori masu yawon buɗe ido, maƙeran azurfa da direbobi da 'yan jagora suna cin abinci da su. UNESCO ta saka tsohon garin, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma baƙin ba su dawo kamar da ba. Matasa da yawa suka koma haƙar zinariya a Jado tun 2014, wasu suka koma jigilar masu ƙetare hamada.

A irin wannan hali, duk wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyi, dillali ya taya, da wuya ya ƙi sallamawa. Ba shi da ɗakin gwaji da zai gaya masa abin da ke hannunsa, bai kuma san farashin New York ba. Darajar tana ƙaruwa ne bayan an gwada dutsen, an ba shi lamba, an yi masa takardu, kuma duk wannan a waje ake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Hana fitarwa kaɗai na iya mayar da cinikin ƙarƙashin ƙasa, ganin faɗin iyakokin jihar da Aljeriya da Libiya da Chadi. Maroko ta bi wata hanya: ta tanadi lasisi da rajista ga masu nema da masu fitarwa, tare da ajiye wani yanki domin bincike a gida. Nijar na da jami'a a Agadas da za ta iya ɗaukar irin wannan aiki idan aka ba ta kayan gwaji, ta yadda mai tsintuwa zai san abin da ya tsinta, ya samu ladansa, ƙasa kuma ta riƙe nata kaso.

Sha'awar sararin samaniya ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa littafin Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sama, kuma yau matasan Agadas da Maraɗi da Kano suna kallon finafinan nan a wayoyinsu. Bambancin shi ne wanda ya sayi NWA 16788 yana iya kulle shi a ɗakinsa, babu dokar da ta tilasta masa nuna wa kowa. Yaran garin da aka tsince shi a jiharsu, hotonsa kawai suka gani a intanet.